Daga Igiyar Buhu Zuwa Faifan Da Ke Tanƙwara Haske

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakar gida yana kallon mai ɗaura dish a kan rufi, ya ga abin da ya isa ya tsaya masa a rai. Bayan mutumin ya saita farantin ya fuskanci inda tauraron ya ke, sai ya kama ɗan ƙoƙon nan da ke gaba, wanda su ke kira LNB, yana murza shi kaɗan-kaɗan yana tambayar na cikin ɗaki ko hoto ya kawo. In ya zarce da murzawa tashoshi su ɗauke, in ya komo da shi daidai su dawo. Yawancinmu ba mu taɓa tambayar dalili ba. Alhali kuwa cikin lanƙwasar farantin nan da murza ƙoƙon nan akwai al'amura biyu waɗanda masana kimiyya su ka gina wani sabon fanni a kansu, fannin da Turawa ke kira metasafes, mu kuwa a nan za mu kira shi faifan meta. Ra'ayinmu shi ne, tarihin wannan faifai hujja ce a kan masu cewa binciken da ba ya kai tuwo baki gobe da safe ɓata kuɗi ne, kuma hujja ce a kanmu mu ɗalibai da mu ke fakewa da rashin kayan aiki.

Kafin mu kai ga gardama, bari mu fahimci abin da a ke magana a kai. Hasken rana, da muryar rediyo, da hoton da dish ke kamowa, duk dangi ɗaya ne, watau igiyoyin lantarki da maganaɗisu. James Clerk Maxwell ne ya nuna haka da lissafi a 1865, Heinrich Hertz kuma ya tabbatar da shi a ɗakin gwaji a Jamus wajen 1887. Abin da ya bambanta su shi ne tsawon zango. Mai sauraron rediyo ya san mita 49 da mita 25. To, wannan shi ne tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na biye da shi. Zangon da dish ɗin gida ke kamawa bai wuce santimita biyu da rabi ko uku ba. Na hasken da ido ke gani kuwa tsakanin nanomita 400 ne da 700, nanomita ɗaya kuwa sai an kasa milimita gida miliyan kafin a samu.

Al'amari na farko shi ne fuskar kaɗawa. A ɗaura igiyar guga a jikin turke, a riƙe ɗaya bakin a kaɗa. Ana iya kaɗa ta sama da ƙasa, ana iya kaɗa ta hagu da dama, ana kuma iya juya hannu ta riƙa tafiya tana murɗewa. Igiyar haske ma haka ta ke. Tauraron ɗan'adam ya kan aiko da wasu tashoshi a tsaye, wasu a kwance, don ya ninka abin da zango ɗaya zai ɗauka, shi ya sa a ke ganin haruffan V da H a jerin tashoshi. Akwatin cikin ɗaki ya kan aika da wuta bolt 13 in yana son na tsaye, 18 in yana son na kwance. Mai ɗaura dish da ke murza ƙoƙo, daidaita shi ya ke yi da fuskar kaɗawar. Idon ɗan'adam kusan makaho ne ga wannan siffa, shi ya sa sai a 1808 wani Bafaranshe, Étienne-Louis Malus, ya lura da cewa hasken da ya dawo daga gilashin tagar wata fada a birnin Faris ya zaɓi fuska ɗaya.

Na biyu shi ne abin da za mu kira taku. Igiyoyi biyu in sun iso wuri ɗaya taku ɗaya, tudu a kan tudu, sai su ƙarfafa juna; in tudun wannan ya faɗa kwarin waccan, sai su kashe juna. An lanƙwasa farantin dish ne domin duk igiyar da ta bugi farantin, ko a tsakiya ko a gefe, ta isa bakin ƙoƙo taku ɗaya da 'yan'uwanta. Gilashi mai doro, irin na tabarau da na kyamara, shi ma aikinsa ke nan. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa cikin iska, amma cikin gilashi ya kan ragu zuwa kamar 200,000. Sashen da ya bi ta tsakiya mai kauri ya kan makara fiye da wanda ya bi ta gefe, wannan makarar ce ke tanƙwara hasken ya taru wuri guda. A kwatanta da 'yan gayya da su ka jeru suna noma: in na ɓangaren dama su ka fara cin karo da ƙasa mai tauri su ka rage sauri, sahun duka zai karkata zuwa dama, ko da ba wanda ya yi niyyar juyawa.

Wannan hanya tsohuwa ce ƙwarai. Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar karkatar haske a Bagadaza wajen shekarar 984, cikin littafinsa a kan madubai da gilasai masu ƙona abu, fiye da shekara ɗari shida kafin Willebrord Snell na ƙasar Holan ya sake gano ta a 1621. Tun daga wancan zamani dabarar ba ta canja ba: a sami gilashi, a goge shi, a yi masa doro. Aibinta shi ne kauri da nauyi. Augustin Fresnel ya rage wa fitilun jagorar jiragen ruwa nauyi a 1823 ta hanyar yanka gilashin zobe-zobe, amma tushen dabarar na nan. Har yau in mai karatu ya shafa bayan wayarsa zai ji kyamarar ta yi tudu, domin a ciki an jera gilasai na roba shida ko bakwai, kowane yana gyara kuskuren na gabansa.

To, ga tambayar da ta haifi faifan meta: in makara ce kawai a ke bukata, dole ne sai da ƙasa mai tauri? A ce sarkin noma ya ja layi ɗaya a gona, ya tsaya a kai, ya bar na farko ya wuce, ya tsai da na biyu taku ɗaya, na uku taku biyu, haka har ƙarshen sahu. Sahun zai karkata kamar dā, ba tare da kowa ya sha wahalar ƙasa ba. A 2011 Nanfang Yu da Federico Capasso da abokan aikinsu a Jami'ar Harvard ta Amurka su ka yi wa haske haka. Sun shimfiɗa 'yan ƙananan eriyoyi na zinariya, galibinsu masu siffar harafin V, a kan silikon, iri takwas, kowane iri yana ƙara wa igiya makarar kashi ɗaya cikin takwas na cikakken taku. Da su ka jera su a bi da bi, hasken da ya sauko a miƙe sai ya fita a karkace, ta kusurwar da tsohuwar ƙa'idar Ibn Sahl da Snell ba ta tanada ba. Sai da a ka faɗaɗa ƙa'idar ta ɗauki wannan sabon hali. Sharaɗin dai shi ne kowace eriya ta fi zangon igiyar ƙanƙanta, don kada igiyar ta gan su ɗaya-ɗaya, ta ɗauke su shimfiɗa guda.

Faifan farko ya yi asarar haske mai yawa, domin ƙarfe yana shan wani kashi, wani kashin kuma ya wuce ba a tanƙwara shi ba. Sai masu bincike su ka koma ga abubuwan da haske ke ratsawa. A 2015 ƙungiyar Andrei Faraon a Caltech, can Kaliforniya, ta kafa 'yan ginshiƙan silikon masu siffar ƙwai, ta nuna cewa faifai ɗaya na iya yi wa igiya mai kaɗawa a tsaye abu ɗaya, ya yi wa mai kaɗawa a kwance wani abu dabam, watau ya mallaki taku da fuska a lokaci guda. A 2016 mutanen Harvard su ka yi amfani da sinadarin taitaniyam dayoksaid, wanda shi ne farar hodar da ke sa fenti fari, su ka gina ginshiƙai masu tsayin nanomita 600, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai. Wannan faifai ya tara hasken da ido ke gani da kaifi irin na gilashin madubin likita mai tsada. Abin lura a nan shi ne, ba wani sabon ma'adini a ka haƙo ba. Zinariya da silikon da hodar fenti duk an san su. Tsari ne sabo, watau girman kowane ginshiƙi, da siffarsa, da inda ya fuskanta.

Nan ne labarin ya juya zuwa inda ya shafi gardamarmu. A faifan 2016 ɗin nan, ginshiƙan duk girmansu ɗaya, juya su kawai a ka yi, kowane da tasa kusurwa. In hasken mai tafiya yana murɗewa ne, juya ginshiƙi digiri goma ya kan canja taku da digiri ashirin, watau ninki biyu, saboda haka rabin juyi ya isa ya ba da cikakken taku. Tushen wannan dabara yana cikin wata maƙala da Shivaramakrishnan Pancharatnam ya buga a 1956 a Bangalo ta ƙasar Indiya, yana da shekara 22, tsaran yawancin masu karanta wannan mujalla. Yana aiki ne a cibiyar binciken kawunsa C. V. Raman, wanda ya sami kyautar Nobel a 1930, yana nazarin yadda haske ke ratsa wasu duwatsu masu ƙyalli. Ya gano cewa in an bi da fuskar kaɗawar haske ta matakai har ta komo inda ta fara, takunta ba ya komowa. Ya kan gusa, gwargwadon hanyar da a ka bi wajen juyawar. Maƙalar ta kwanta shekara talatin kusan ba mai waiwayarta. Shi kansa ya koma Oxford ta Ingila a 1964, ya rasu a can a 1969 yana da shekara 35. Sai bayan Michael Berry ya gano makamancin wannan a wani fannin kimiyya a 1984, sa'an nan yayan marigayin, S. Ramaseshan, tare da Rajaram Nityananda su ka tuna wa duniya a 1986 cewa an riga an faɗi haka. Yau sunan mutanen biyu a ke kiran ƙa'idar da shi. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma a ke magani.

Kafin shi ma an yi wani ɗan ƙasar tasu. A shekarun 1890, lokacin Indiya na hannun Ingila, Jagadish Chandra Bose yana koyarwa a wata kwaleji a Kalkata, yana gwaji da igiyoyin rediyo masu zangon 'yan milimita, da kayan da ya harhaɗa da taimakon wani maƙerin gwangwani. Da ya bukaci abin da zai tace fuskar kaɗawa, sai ya ɗauki littafin jadawalin jiragen ƙasa mai kauri ya cusa fallen dalma tsakanin shafuffukansa. A 1898 ya nuna cewa ƙunshin zaren jut da a ka murɗa yana juya fuskar kaɗawar igiya, murɗin dama ya juya ta wani gefe, murɗin hagu ya juya ta ɗaya gefen. Jut ɗin nan shuka ce dangin lalo, kuma da zarenta a ke saƙa irin buhunan da a ka tara dalar gyaɗa da su a Kano. Masu rubuta tarihin wannan fanni su kan ƙidaya gwajin Bose cikin na farko-farko da a ka sarrafa igiya da tsarin abu, ba da sinadarinsa ba.

Kada a ɗauka muna tallar abin al'ajabi ne. Faifan meta yana da babban rauni: ya kan tara jan haske a wuri ɗaya, shuɗi a wani wuri, hoto ya fito da dishi-dishi. A 2018 an ƙera waɗanda su ka gyara wannan, amma ƙanana ne ainun, faɗinsu bai kai milimita ɗaya ba. Saboda haka babbar kyamarar waya har yanzu da tsofaffin gilasai ta ke aiki, kuma duk mai cewa an gama da gilashi mai doro ya yi gaggawa. Inda faifan ya shiga kasuwa shi ne inda launi ɗaya a ke bukata. A 2022 kamfanin Metalenz, wanda ya tsiro daga ɗakin gwajin Harvard, da kamfanin STMicroelectronics na Turai su ka sanar da wata 'yar na'urar auna nisa mai aiki da hasken da ido ba ya gani, irin wadda ke taimaka wa kyamarar waya ta saita hoto. Muhimmancin wannan shi ne ana buga faifan a masana'antar da a ke buga ƙwaƙwalwar kwamfuta, dubbai a kan faranti guda, ba sai an goge kowane shi kaɗai ba.

Yanzu ga maganar masu suka, kuma mun ji ta daga bakin abokanmu na ɗakin kwana, ba daga nesa ba. Sun ce a ƙasar da famfo ke yin mako bai kawo ruwa ba, asibiti kuma ya rasa wuta, zancen ginshiƙin nanomita 600 wasa ne da hankalin talaka. Ba mu raina wannan magana ba, kuma akwai inda mu ka yarda da ita. Ƙera faifan haske yana bukatar ɗaki marar ƙura ko ƙwaya, da injin zane mai tsadar gaske, da wutar da ba ta ƙiftawa. Wanda ya ce a fara da nan, a wurin da janareto ke mutuwa tsakiyar gwaji, so ya ke a sayo injin da zai ruɓe cikin akwatinsa.

Sai dai masu sukar sun manta da zango. Ƙa'idar ɗaya ce tun daga haske har rediyo, girman ginshiƙi ne kawai ke bin girman zango. A zangon dish, kowane gida na faifan 'yan milimita ne, ido na ganinsa, kuma ana zana shi a kan allon tagulla irin wanda ke cikin kowace rediyo, a wanke da ruwan sinadarin da ɗaliban injiniyan lantarki su ka saba da shi. Allo shimfiɗaɗɗe mai irin wannan zane yana iya yin aikin farantin dish. A 2018 wasu ƙananan kumbuna biyu na hukumar sararin samaniya ta Amurka, masu suna MarCO, kowane kamar jakar hannu, sun aiko da labarin saukar na'urar InSight a duniyar Mars ta eriya shimfiɗaɗɗiya mai naɗewa, 'yar'uwar wannan faifai. A 2014 kuma Cui Tie Jun da abokansa a birnin Nanjin na ƙasar Sin sun sa wa kowane gida ɗan makunni, yadda kwamfuta za ta riƙa canja takunsa tana karkata igiyar inda a ke so. Daga nan ne a ka samo tunanin allunan bango masu tura siginar waya zuwa lungun da ba ta kaiwa, abin da kamfanonin sadarwa ke gwadawa. Manhajojin lissafa irin wannan zane akwai na kyauta, kamar Meep da a ka rubuta a MIT. Abin da ke da tsada shi ne na'urar awo, ita kuwa guda ɗaya na iya isar jami'o'i da dama in an yarda a yi tarayya.

Ko a ɓangaren haske akwai tambayar da ta fi damunmu fiye da waɗanda su ka ƙirƙiro faifan. An daɗe da sanin cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, in ta ci jini, ta kan bar wani baƙin gari mai suna himozoyin, wanda ke sauya fuskar kaɗawar haske, har ya yi ƙyalli a ƙarƙashin madubin likita mai tace fuska. A 2019 an nuna a Harvard wata ƙaramar kyamara mai faifan meta wadda ke ɗaukar fuskar kaɗawar kowane ɗigo na hoto a ɗauka guda. Ba mu ce an haɗa biyun an sami na'urar asibiti ba. Cewa mu ka yi, in akwai wanda ya kamata ya matsu ya gwada, to wanda ya yi jinyar ƙanensa da damina ne.

Akwai kuma darasi mai ɗaci da bai kamata mu ɓoye ba. Indiya ta haifi Bose da Pancharatnam, amma kamfanin da ya fara sayar da faifan a Amurka ya ke, masana'antar da ta buga shi kuma ta Turai ce. Ashe haifar mai tunani kaɗai bai isa ba. Sai an sami sarƙa tun daga mai lissafi, zuwa mai gwaji, zuwa maƙeri, zuwa mai jari, kuma a riƙe ta shekaru masu yawa ba ta tsinke ba. Daga maƙalar 1956 zuwa na'urar 2022 shekara 66 ne, ya fi tsawon aikin kowane ma'aikaci tun daga ɗauka har ritaya.

Saboda haka, 'yan'uwanmu da su ka riga mu fita su ka kama aikin Gwamnati, ga roƙonmu. Wata rana fayil zai zo teburinku daga wani malami ko ɗalibi, yana neman kuɗin allon tagulla da na'urar awo don nazarin fuskar kaɗawar igiya, kuma a gurbin da a ka ce ya faɗi amfanin da za a gani cikin shekara uku ba zai sami abin kirki da zai rubuta ba. Kafin ku rubuta a ajiye, ku tambayi kanku me za ku rubuta da takardar yaron nan na Bangalo ce ta zo gabanku, shekara tara kacal bayan ƙasarsa ta sami mulkin kai tana fama da talauci. Ku bincika ko mai neman ya san aikinsa, ku bincika ko kuɗin ya yi daidai da kayan, ku nemi rahoto a kan kari. Wannan haƙƙinku ne. Amma kada ku nemi ya yi muku alkawarin abin da Pancharatnam kansa bai iya hangowa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu kuma da ke aji har yanzu, musamman na sashen kimiyya da na injiniya, mu dubi abin da mu ke miƙawa a matsayin aikin shekarar ƙarshe. Sau nawa mu ke kwafo abin da 'yan ajin bara su ka kwafo daga na bariya, mu ce ai ba kayan aiki? Zana allo mai gida ɗari wanda zai juya igiyar tsaye ta koma kwance, a gwada shi da tsohon LNB da akwatin dish, aiki ne da ɗalibai uku za su iya ɗauka cikin shekara guda. Watakila ya ƙi aiki a karon farko, watakila ma har na biyu, amma wanda ya yi zai fita ya san abin da ya karanta. Bose da littafin jadawalin jirgi da zaren buhu ya fara, mu kuwa muna da kwamfuta da lissafin da a ka riga a ka warware mana.